Gajera da Doguwa: Libarba a Tarihin Ƙasar Kano

Turawa masu sha'awar harbi suna da wata gardama da ba ta ƙarewa a tsakaninsu, watau wace ce ta fi, libarba mai gajeren bututu wadda a ke sakawa cikin aljihu, ko kuwa libarba irin ta aikin soja da 'yan sanda wadda a ke ratayawa a ɗamara cikin kube. Su kan tafi filin harbi su kafa allo, su gwada wannan su gwada waccan, sa'an nan su je su auna inda harsashi ya faɗa. Kowace iri kuwa tana da sunanta daban a bakinsu. Mu a Hausa kalma guda ce ta haɗe su duka biyu, libarba, in ba ita ba sai dai a ce ƙaramar bindiga. Ga mai nazarin harshe wannan abin tambaya ne, gama Bahaushe ba ya rowar suna ga abin da ya ke hulɗa da shi kullum. Dubi doki kawai: akawal, kili, bikili, gunya, hurde, kowane launi da sunansa. Abin da na ke so in nuna a takardan nan shi ne, tarihi ne ya hana libarba samun irin wannan gata, domin doguwar bindiga ta shiga hannun Hausawa ta zauna, gajera kuwa tun zuwanta ba ta bar hannun masu mulki ba. Zan ɗauki misalaina daga arewacin ƙasar Kano, wajen Ɗambatta, inda hali ya yi.

Bari mu fara da ita gardamar, don mai karatu ya san abin da a ke bambantawa. Libarba bindiga ce ta hannu ɗaya, wadda ke da wani dunƙulen ƙarfe mai ramuka biyar ko shida a bayan bututu, kowane rami da harsashinsa. In an ja kunama sai dunƙulen ya juya ya kawo sabon harsashi daidai bututu. Wani Ba'amurke, Samuel Colt, shi ya sami takardar mallakar wannan dabara a 1836. A Ingila kuwa gidan Webley na birnin Bamingam ya fi shahara. A 1872 suka fid da wata gajera mai suna British Bull Dog, bututunta inci biyu da rabi, tana cin harsashi biyar, maƙeran Beljiyam suka yi ta kwaikwayonta suna sayarwa da araha ko'ina cikin duniya. A 1887 sojan Ingila suka karɓi wata babba ta wannan gida ta zama ta aiki, mai harsashi shida, bututu inci huɗu, daga baya a 1915 aka ƙara tsawon bututun ya kai inci shida.

In aka kai su fili, abu uku ke raba su. Na farko, hayaƙin albarushi ne ke tunkuɗa harsashi, muddin yana cikin bututu yana ƙara gudu, saboda haka a gajeren bututu ya kan fita tun ƙarfin bai gama aiki a kansa ba, saura ya tashi a banza, wuta da ƙara. Na biyu, mara nauyi ta fi shurin hannu, harbi na biyu ya kan yi wuyar daidaitawa. Na uku shi ne babba. Mai harbi yana daidaita wani ɗan tsinin ƙarfe da ke bakin bindiga da wata 'yar tsaga da ke bayanta, iyakar nisan da ke tsakanin su biyu iyakar sauƙin bara. A ce tsakaninsu inci 4 ne, hannu ya goce da kashi ɗaya cikin ashirin na inci, abin da ido da ƙyar ya ke gani: a nisan yadi 25 harsashi zai kauce da inci 11 da ɗan ɗori. In tsakanin inci 8 ne, kaucewar ba za ta kai inci 6 ba. Watau laifin ba na ƙarfen ba ne sosai, gajera ce dai ba ta yafe wa mai ita rawar hannu. Abin da ta rasa a fili kuwa ta same shi a aljihu, don an yi ta ne saboda ɓoyo da kusa, doguwar kuma an yi ta don a gani a kuma ji tsoro.

To, mu komo gida. Kalmar bindiga tsohuwa ce ƙwarai. Asalinta Larabci ne, bunduƙ, sunan wani ɗan itace mai ƙwarya, daga nan aka sa wa ɗan dunƙulen da a ke harbawa, daga bisani makamin kansa ya zama bunduƙiyya. Abin lura shi ne yadda kalmomi uku na sana'a ɗaya suka shigo da kama daban. Albarushi ya zo da alif da lam ɗinsa a manne, daga al-barud. Harsashi ma haka, daga ar-rasas, watau darma, inda lam ta narke cikin ra yadda Larabawa ke furtawa. Bindiga kuwa ta zo tsirara ba alif da lam, kuma ta yi kama ainun da yadda Barebari ke kiranta. Tun 1960 Greenberg ya nuna kalmomin Larabci da dama ta bakin Barebari suka iso mu, ni kuwa a ganina bindiga tana cikinsu: makamin ya zo daga Barno a hannun mayaƙa, abincinsa kuma ya riƙa zuwa a kan raƙuman fataken Larabawa.

Labarin da ke rubuce bai saɓa wa wannan ba. Tarihin Kano, wanda Palmer ya buga fassararsa a 1908, ya ce a zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438, wani babban ɗan sarauta, Dagaci, ya zo daga Barno da jama'a da tambura da tutoci da bindigogi. Shekarun sun yi wuri da yawa ga bindiga a wannan yanki, kuma da ya ke a ƙarshen ƙarni na 19 aka rubuta littafin, na fi zaton marubucin ya ƙawata Dagaci ne da kayan sarautar da ya saba gani. Amma ko da hakanan ne, ya nuna mana inda Kanawa suka ɗauka bindiga ta fito. Abin da ya tabbata shi ne, a rabin ƙarshe na ƙarni na 16 Mai Idrisu Aloma yana da Turkawa 'yan bindiga da bayin gida da aka koya wa harbi, kamar yadda limaminsa Ahmadu ɗan Fartuwa ya rubuta. A Kano kuwa Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi aka ce ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. A lura, tun daga farko a fada ta sauka, a hannun bayin sarki.

Bayan jihadi ƙasar Ɗambatta ta ga yaƙi iyakar gani. (Takardun Turawa na farko Dambarta su ke rubutawa, ra ce ta narke cikin ta, yadda ta kan yi a bakin Kanawa.) Da Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano a 1819, Ɗan Tunku ya ƙi yi masa mubaya'a, aka shekara wajen biyar a na kai ruwa rana a kan garuruwan arewa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, Kazaure ta tsaya da ƙafarta, Ɗambatta kuwa ta zauna cikin Kano, aka san ta da hakimcin Sarkin Bai na gidan Dambazawa. A tsakiyar wannan rikici ne Clapperton ya shigo Kano ran 20 ga Janairu, 1824, ya tarad da Dabo a sansani a Fanisau yana shirin fita. Baka da mashi da takobi da doki mai lifidi su ne kayan wannan yaƙi. Shaidar ƙarancin bindiga ta zo bayan shekara biyu, a 1826, sa'ad da Clapperton ɗin ya bi rundunar Bello zuwa Konya ta Gobirawa: ya ƙiyasta mayaƙa dubu hamsin zuwa sittin, bindigogin da ke cikinsu 42 ne kacal.

A wannan tafiya ta 1824 aka yi wani abu da ya yi kusa da gwajin filin harbi. Kafin ya iso Kano, a Katagum, sarki ya so ya ga aikin doguwar bindigar baƙon nan. Aka kafa abin bara a nisan yadi sittin ko saba'in, ya harba sau biyu, ya samu duka biyu. Sarki ya nemi tsari ga Allah, sa'an nan ya yafa masa riga. Mamakin nan yana da dalili. Bindigogin da aka sani a lokacin cikinsu sumul ya ke, harsashi kuwa ba ya cika bututu, ya kan fita yana tangaɗi, ba wanda ke sa ran samun abu guda da gangan daga nesa. Amfaninsu a fagen fama ƙara ce da hayaƙi da firgita dawaki.

Ƙananan bindigogi fa? Sun zo, amma ta wata ƙofa. Cikin gaisuwar da Clapperton ya kai wa Bello a Sakkwato a watan Maris 1824 akwai ƙananan bindigogi masu baki biyu. Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya bar mana bayanin da ya fi kowane amfani a nan. Ya ƙiyasta ruwan takobi wajen 50,000 ke shigowa kasuwar Kano kowace shekara, galibi ƙirar Jamus, amma bindigogi kaɗan ne, ko da ya ke masu araha sun fara hauro wa ta ƙasar Nufe. Ƙananan kuwa, in ji shi, ba a kasa su a kasuwa, a ɓoye a ke sayar wa sarakuna da manya. A 1853 shi kansa ya kai wa Sarkin Musulmi Aliyu Babba wasu guda biyu masu adon azurfa a sansaninsa na Gawasu, su ne kuwa suka fi faranta wa sarki rai cikin kayan duka. Da ya wuce yamma ya kai Tambutu a shekaran nan, Shehu Ahmadu Bakka'i ya sa shi ya harba wata mai harbi shida a gaban jama'a, mutane suka ɗauka jikinsa duk makamai ne, yana iya harbi ba iyaka, abin da ya ce ya taimaki tsaron ransa daga baya. Ga dai libarba a Sudan ta Yamma shekara hamsin kafin zuwan Lugga, aikinta kuwa kwarjini. A fadar sarakunanmu ma ajinta ɗaya da alkyabba da agogo, abin ajiya ne da a ke fitarwa a nuna wa baƙo.

Dalilin da ya sa ba ta wuce nan ba a fili ya ke. Bindiga mai ɗuri ta baki, maƙerin gari yana iya gyaranta, a haɗa albarushi a gida, a zuba tsakuwa ko guntayen ƙarfe in darma ta yi wuya. Libarba kuwa sai harsashin da aka yi dominta a ƙasar Turai, ranar da ya ƙare ta zama guduma. Barde a kan doki, wanda ya kamata a ce ta yi wa amfani, yana da mashi da takobi waɗanda ba su ƙarewa, ga kuma ƙyamar da 'yan sarauta ke yi wa makamin da suka ɗauka na bayi ne.

Doguwar kuwa sai yaɗuwa ta ke yi a rabin ƙarshe na ƙarnin. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara ta jibgi ta hanyar Tarabulus, har a na ƙera masa igwa a Zinder, ƙiyasin da marubuta ke kawowa shi ne bindiga 6,000 da igwa 40. Da wannan gado ne Ahmadu Kuran Daga ya kawo wa Kano yaƙi zamanin Sarki Alu, aka gwabza a Gezawa da Tattarawa, talakawan arewacin Kano suka ji ƙarar albarushi irin wadda kakanninsu na zamanin Ɗan Tunku ba su ji ba. Amma kafin nan ƙasashen Turai sun riga sun ɗaure bakin jaka. A yarjejeniyar da suka sa wa hannu a babban birnin Beljiyam ran 2 ga Yuli, 1890, sun hana sayar wa mutanen tsakiyar Afirka bindigogin zamani da harsashinsu, suka bar musu masu ƙanƙara da baƙin albarushi na kasuwa. An ce don kashe cinikin bayi aka yi, kuma lalle akwai wannan a ciki, amma sakamakonsa ya bayyana ran 3 ga Fabrairu, 1903, sa'ad da Kanar Morland ya tsaya a bakin ganuwar Kano da soja ɗari bakwai da 'yan kai, da igwa huɗu, da bindiga mai ruwa huɗu.

A nan kalmarmu ta shigo. Cikin rundunar nan sojoji baƙaƙe, waɗanda da yawansu Hausa su ke ji, su ke saɓe da dogayen bindigogi, libarba kuwa tana ɗamarar hafsa Bature. Ba ita ta ci Kano ba, ba kuma ita ta karya dawakin Waziri Ahmadu a Kwatarkwashi ba, wannan aikin igwa ne da mai ruwa da harbin sahu. Ita alama ce ta wanda ke ba da umurni. A bariki aka ji sunanta, revolver, kunne ya ɗauka baki ya gyara. Sautin da babu shi a Hausa ya koma ba, kamar yadda ya faru a direba da shebur. Ƙarshen kalmar ya zama wasalin a, kamar hafsa da lebura da soja. Lam da ke rufe gaɓa ta koma ra, yadda ta yi a tebur da kofur da kanar. Da ra ta bayyana a tsakiya, sai ta farkon ta kauce ta zama lam don kada su yi karo. Wanda ya dubi kalmar sama-sama zai ce haruffan biyu musayar wuri suka yi, ni kuwa na fi karkata ga matakai biyun nan, domin na farkonsu muna da misalansa birjik cikin kalmomin bariki. Ko ta wace hanya, wannan aron jahilin Turanci ne, wanda bai taɓa ganin kalmar a rubuce ba, irin aron da ya ba mu samanja da fareti, ya kuwa fi na 'yan makaranta daɗin faɗa nesa ba kusa ba.

Sai mu gwada zaman da kalmomin biyu suka yi. Bindiga ta haihu ta yi jikoki. Tana da jam'i, bindigogi. Ta ba da aikatau, a bindige. Ta ba da ɗan bindiga. An raba ta iri iri da sunaye na gida: bindigar toka, adaka, harba-ka-ruga, mai ruwa. Dubi na ukun nan, wanda ya ƙunshi dukan dabarar yaƙi da ita, gama in ka harba sau ɗaya sai ka nemi wurin ɗuri. Mai ruwa kuwa sunan wanda ya tsaya kusa ne ya ga a na zuba ruwa a rigar bututu don kada ya yi zafi. Sassan jikinta ma an raɗa musu suna da abin da ido ya sani, baki da gindi da kunama. Libarba ba ta haifi kome ba, ba aikatau, ba kirari, ba rabe-rabe. Wanda ke hango abu a ƙugun wani ba ya sanin ko bututunsa inci biyu ne ko shida, tun da ya ke kube ya rufe.

Mulkin Turawa ya tabbatad da wannan rabo, 'yancin kai kuma ya gaje shi. Dogarai da 'yan dokan En'e, waɗanda su ne hukumar da manomin Ɗambatta ya sani ido da ido, kulki da bulala su ke riƙewa. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na ƙasa shi ne masu ɗuri ta baki, waɗanda lasisinsu ya fi sauƙin samu. Na tsakiya bindigogin farauta na zamani. Na sama kuwa su ne haramtattu sai da izni daga ƙoli, a nan aka sa libarba da dukan ƙananan bindigogi, jere ɗaya da igwa da bom da mai ruwa. Mai karatu zai yi mamakin ganin abin da bai fi tafin hannu ba a sahun igwa, amma hujjar mai doka ita ce abin da muka faɗa tun farko: abin da ya rage mata daraja a filin harbi, watau gajarta, shi ya sa ta fi haɗari a cikin taro. Doka ba ta bambanta gajera da ta aiki ba, harshe ma bai bambanta ba.

Saboda haka bindigar da ƙasar Ɗambatta ta sani ita ce ta toka. Ƙasa ce mai cikar jama'a, gona na bin gona, babu dajin da zai riƙe manyan namu, maharbi sai ya yi nisa. Aikin bindiga a irin wannan wuri ya fi yawa ga tsaron dare da hawan salla da tarbar hakimi, inda a ke cika ta da albarushi ba harsashi a saki don ƙara, watau dai aikin da ta ke yi tun zamanin Babba Zaki. Har sunan ma'aikatan bai sake ba, sai a 'yan shekarun nan. Tun wajen 2011, da fitinar daji ta tashi a Zamfara ta bazu, 'yan bindiga a bakin rediyo ya koma nufin ɓarayin daji masu satar mutane, yaron da aka haifa bayan nan kuwa sai an yi masa bayani kafin ya gane cewa bayin sarki masu jajayen riguna da ke gaban doki ran salla su ne masu sunan na asali. Ita libarba ma tana ja da baya, matasa sun fi cewa fistol, ko da mai juyawa ce ko ba ita ba.

Ga malaman kwalejojin horon malamai akwai aiki a nan wanda ba ya bukatar kuɗi. Tsofaffin maƙera da maharba na garuruwa irin su Ɗambatta da Kazaure da Ɓaɓura suna riƙe da sunayen sassan bindigar toka, da na kayan ɗuri, da kalmomin haɗa albarushi, waɗanda ba duka ƙamus ya kama ba. Ɗalibi ɗaya da littafin rubutu, in ya yi hutu guda yana zama a maƙera, zai komo da abin da ya isa takarda irin wannan. A roƙe shi ya rubuta kowace kalma yadda ya ji ta, da karin sautinta da tsawon wasalinta, ya sa sunan garin da ya ji ta, ya kuma tambayi mai faɗa daga wa ya koya.